Wayar da kowa ke ɗauka: wace hanya ta fi dacewa a toshe kiran waje?

Masu otal, asibitocin kuɗi da ɗakunan kwanan ɗalibai a Sakkwato sukan ajiye wayar tebur a zaure ko a bakin ɗakin marasa lafiya domin a kira mai karɓar baƙi, ko nas, ko mai gadi. Idan an bar wayar tana iya fita waje, katin da aka saka don aikin wata yakan ƙare cikin kwanaki, kuma a nan garin abin ya fi tsada, domin mutane da yawa suna da dangi a Birnin Ƙonni na ƙasar Nijar, wanda yake tsallaken Illela kaɗan amma kiran lambarsa mai farawa da 227 kiran ƙasar waje ne. Kafin a je wurin mai sayar da kaya, a fara rubuta a takarda wurare nawa ne wannan waya ke da bukatar kira, domin amsar ita ce za ta nuna abin da ya kamata a saya.

Hanyoyi uku ne, kuma mafi arha ita ce wayar tebur mai ɗaukar sim. Ana iya kunna mata tsarin FDN, wanda ke hana kiran kowace lamba sai waɗanda aka jera, kuma ba a canza jerin sai da lambar sirri ta biyu, PIN2. Wanda ya haɗa ta da tsarin CUG na MTN, Airtel ko Glo zai riƙa biyan kuɗin wata domin layukan ma'aikata su kira juna. Rauninta shi ne sim ɗin yana jikin wayar, kuma duk mai ƙaramin sukuddireba zai iya zare shi. Haka kuma, tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita gajerun lambobi a 2023, kowa ya san *303# na cin bashin kati ne, *321# kuma na tura kati ga wani, saboda haka a gwada su a gaban mai shago. Idan suka wuce, kullen bai cika ba. Ta dace da ƙaramin wuri inda wayar ke gaban idon ma'aikaci.

Ta biyu ita ce tsohuwar na'urar rarraba kira, wato PABX, irin su Panasonic KX-TES824, mai zuwa da layukan waje 3 da na ciki 8, ana kuma iya faɗaɗa ta zuwa 8 da 24. A nan kowane layin ciki ana ba shi aji, kuma ajin ne ke yanke ko idan aka danna 9 za a samu layin waje ko a ji ƙarar hani. Da yake layukan NITEL sun daɗe da mutuwa, layin wajen yanzu yawanci akwatin sim ne da ake kullewa a ofis tare da na'urar, wanda hakan kaɗai ya magance satar sim. Ba ta cin wuta sosai, ƙaramar inbata ta ishe ta, kuma wayoyinta ba su damu da ƙurar hunturu ba. Sai dai Panasonic ta sanar a 2020 cewa za ta bar wannan harka, don haka mai saye ya tambayi inda zai samu kayan gyara.

Ta uku ita ce na'urar zamani mai aiki ta hanyar sadarwar kwamfuta, kamar jerin UCM na Grandstream, ko Yeastar, ko FreePBX da aka gina kan Asterisk. A UCM izini hawa huɗu ne: na ciki, na gari, na ƙasa da na ƙasashen waje, kuma layin da aka ajiye a hawan farko ba ya fita ko'ina. Ana iya sa lambar sirri ga likitan dare, a rufe kira bayan wani lokaci, a kuma duba wanda ya kira, da yaushe, da tsawon maganar. Kuɗinta ya fi yawa, tana bukatar wuta ba yankewa har ga wayoyin, kuma akwatin da aka rufe a ɗaki mara iska a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zai yi tsawon rai ba. Idan an haɗa ta da intanet da lambar sirri mai sauƙi, ɓarayin nesa na iya shiga su yi ta kiran ƙasashen waje da kuɗin mai gida, asarar da ta fi ta ɗan hirar zaure nesa ba kusa ba.

A ganina, ga wayar zaure zalla, babu abin da ya kai a saita ta yadda da an ɗaga kai za ta buga wa mai karɓar baƙi da kanta, kuma na'ura ta biyu da ta uku duk suna yin haka. Inda dole a bar maɓallai suna aiki, a rufe komai sannan a buɗe abin da ake so, domin mai jera lambobin hani yakan tuna 009 ya manta 00, alhali da su duka ake fara kiran ƙasar waje. A bar 112, lambar kiran gaggawa, a buɗe a kowane hali, musamman a asibiti da ɗakin kwana. A kuma kashe damar karkatar da kira zuwa lambar waje, domin ta nan ne mai wayo ke saita wayar zaure ta tura zuwa lambar da yake so, sannan ya kira ta daga wani layin ciki.

Kada a biya cikon kuɗin mai haɗawa sai an tsaya a kan wayar an gwada lambar 080, da ta Nijar, da 112, an kashe wuta an kunna an ga saitin bai goge ba, sannan ya miƙa lambar sirrin shiga na'urar a rubuce, a canza ta a ranar.