Riɗi ko Citta: Wanne Za Ka Fitar Waje?

Kullum sai an tambaye ni: mai son fitar da amfanin gona daga Najeriya, riɗi zai kama ko citta?

Riɗi na jure ƙarancin ruwa, ana samunsa a Jigawa da Nasarawa, kuma Japan, China da Turkiyya na saye. Matsalarsa tsafta ce. Yashi ko ragowar maganin feshi na iya sa a ƙi karɓar kwantenarka.

Cittar Kachia da ke kudancin Kaduna kuwa, yajinta ya sa take da daraja. Sai dai irinta na da tsada, kuma cutar da ta cinye gonakin kudancin Kaduna a 2023 ta kassara manoma da yawa.

Sabon shiga mai ƙaramin jari, riɗi ya fi masa. Citta ta mai ƙarfin jure asara ce.