Sharhi a Kan Wasan Deep Space Nine da Gardamar da Ya Haddasa a Gidanmu

Kusan wata takwas muka yi, ni da ƙanena da wani kawunmu da ya yi ritaya daga aikin koyarwa, muna kallon wasan kwaikwayon nan na Amurka mai dogon zango, Star Trek: Deep Space Nine, kashi ɗaya ko biyu bayan sallar isha'i, a kan kwamfutar da muke ɗorawa bisa kujera a tsakar gida. An fara nuna shi a talabijin a watan Janairun 1993, aka kammala a watan Yunin 1999, zango bakwai ne mai kashi 176, kuma ba mu tsallake ko ɗaya ba. Abin da ya sa nake wannan sharhi shi ne gardamar da wasan ya haddasa a tsakaninmu, wadda daga baya na gane cewa masu kallonsa sun daɗe suna yin irinta.

Labarin yana gudana ne a wata tashar sararin samaniya kusa da duniyar Bajor, wadda mutanen Cardassia suka yi wa mulkin mallaka na kimanin shekara 50, suka kwashe ma'adinanta, suka sa mutanenta aikin tilas, sannan suka janye suka bar ta a wargaje. Jagoran tashar shi ne Benjamin Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, baƙar fata na farko da ya jagoranci wani wasa a jerin Star Trek. Mataimakiyarsa Kira Nerys tsohuwar 'yar gwagwarmaya ce da ta dasa bama-bamai a lokacin mamayar, kuma wasan bai ɓoye cewa wasu daga cikin waɗanda suka mutu a hannunta ba sojoji ba ne. Hoton wasan ya tsufa, domin ba a sabunta shi zuwa mai haske irin na yau ba, kuma zango biyun farko suna da jan ƙafa, sai mai haƙuri.

Inda muka fi daɗewa muna sa-in-sa shi ne batun Gul Dukat, tsohon gwamnan mamayar. Marc Alaimo ya fito da shi mutum mai fara'a da iya magana da son 'yarsa, wanda a kullum yake cewa shi ne ya sassauta wa mutanen Bajor, ya ƙara musu abinci, ya rage mace-mace a sansanonin aiki, har yana jin haushin cewa ba su gina masa mutum-mutumi ba. Wajen zango na huɗu ƙanena ya juyo ya ce mini, "Yaya, ai mutumin nan yana da hujja, da wani aka kawo da abin ya fi haka muni." Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kai yaro, wanda ya ƙwace maka rumbu ya ba ka mudu ɗaya, godiya za ka yi masa?" Daga nan ya ba mu labarin da ya ji daga manyansa na yadda aka riƙa ɗiban mutane daga ƙauyuka a tura su haƙar kuza a Jos a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yadda sanyi da yunwa suka ci da yawa daga cikinsu.

Ƙanena ba shi kaɗai ba ne. Masu kallo da yawa a Amurka sun ƙaunaci Dukat suna kare shi, abin da ya dami marubutan wasan, musamman shugabansu Ira Steven Behr, kuma a kashin "Waltz" na 1998 aka sa Dukat ya faɗi da bakinsa cewa da ma ya kashe mutanen Bajor gaba ɗaya. Na fahimci damuwarsu, amma a ganina abin da suka yi bayan nan ya rage wa wasan ƙarfi, domin sun mayar da shi mahaukaci mai bautar miyagun ruhohi da jajayen idanu, wanda ba wanda zai ruɗu da shi. Dukat na farko, mai ladabi da murmushi, shi ne ya fi ba ni tsoro, saboda shi ne ya iya jawo yaro mai hankali kamar ƙanena ya fara nema wa azzalumi uzuri.

Kashin da ya fi taɓa ni shi ne "Far Beyond the Stars", wanda Avery Brooks da kansa ya ba da umarni a 1998. A cikinsa Sisko ya tsinci kansa a matsayin Benny Russell, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya a birnin New York a shekarar 1953. Ranar da za a ɗauki hoton marubutan mujallar, edita ya nemi Benny da wata marubuciya su zauna a gida, don kada masu karatu su san cewa akwai baƙar fata da mace a cikinsu. Benny ya rubuta labarin baƙar fata mai jagorantar tashar sararin samaniya, aka ƙi shi, aka ce sai dai ya mayar da shi mafarki, kuma duk da haka mai kamfanin ya sa aka lalata bugun, aka sallami Benny daga aiki. 'Yan sanda sun harbe wani matashi abokinsa, suka yi wa Benny dukan kawo wuƙa a kan titi. Lokacin da ya zube a ofis yana kuka yana cewa labarinsa gaskiya ne, babu wanda ya ce uffan a tsakar gidanmu, sai Kawu da ya ce a rufe kwamfutar, ya isa haka na daren.

Akwai masu kallon da suke ƙorafin cewa nishaɗi suka zo nema, don me za a cusa musu wariyar launin fata da siyasa. Ban yarda da su ba, domin tun asali haka jerin yake: a 1968 Star Trek na farko ya nuna sumba tsakanin farar fata da baƙar fata a lokacin da hakan babban abu ne a Amurka. Kashin "Past Tense" na 1995 kuwa ya nuna birnin San Francisco na shekarar 2024 yana kulle marasa gida da marasa aiki a unguwannin da aka kewaye da katanga. Wanda ya cire irin waɗannan daga wasan, jiragen sama da harbe-harbe kawai zai rage.

Game da zubar da jini, wasan ba ya nuna shi da yawa a ido, amma yana nuna abin da yake bari a baya. Matashin soja Nog ya rasa ƙafarsa a fagen daga, aka ware kashi guda kan yadda ya kasa komawa rayuwarsa. Duk da haka ban ba da shawarar a kalla da ƙananan yara ba, saboda akwai azabtarwa, akwai kuma mashaya da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba.

Gardamarmu ta ƙarshe a kan Sisko ce. A kashin "In the Pale Moonlight" ya haɗa kai da tela Garak, tsohon ɗan leƙen asiri, suka ƙirƙiri shaidar ƙarya don jawo mutanen duniyar Romulus su taya ɓangaren Sisko a yaƙin da ake yi a lokacin, Garak ya kashe wani sanatansu, Sisko kuma ya goge bayanin da ya naɗa da muryarsa kan yadda abin ya faru, ya ce zai iya rayuwa da abin. Ni na kare shi da zafi, ina cewa rayukan da ya ceta sun fi wanda aka kashe yawa. Ƙanena ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ashe ba irin wannan lissafin ne kuka hana ni yi wa Dukat ba?" Na ce akwai bambanci tsakanin mai mamaya da mai kare kansa, kuma har yau ina kan wannan ra'ayi, sai dai Kawu ya ƙi goya wa kowa baya, ya ce mu sake kallon kashin a mako mai zuwa tukuna.