Kit ɗin Sil na Silindar Bum Don Tsohuwar Hitachi EX200-1: Wanne Ya Kamata a Saya a Gombe

Hitachi EX200-1, eskabeta wato motar haƙa ƙasa, ta fito tun ƙarshen shekarun 1980, amma injinta, Isuzu 6BD1T mai fistin shida, har yau bai gaza ba. Shi ya sa masu haƙar yashi da jar ƙasa a Gombe ba sa ƙyamar sayenta ko da ta shekara a yashe, ciyawa ta fito ta tsakanin sarƙa. Matsalar da ke fara bayyana bayan an tayar da ita kusan kullum ɗaya ce: man haidirolik na tsiyaya daga bakin silindar bum, wato silindar da ke ɗaga babban hannun mashin, ko kuma a ɗaga bum a kashe inji, kafin a gama alwala bokiti ya taɓa ƙasa. Wannan sharhi a kan kit ɗin sil ne, wato saitin zobban roba masu hana mai yoyo, da ake saya don wannan gyara.

Iri biyu ake samu a shagunan sifiya. Akwai wanda sil ɗinsa ke ɗauke da tambarin sanannen kamfani, kamar NOK na Japan, da lambar girma a jikin kowanne. Akwai kuma mai araha da ke zuwa cikin leda, ba suna, sai an rubuta EX200 da alƙalamin maka. A ido kamanninsu ɗaya, har launi.

Cikakken kit ya kamata ya ƙunshi sil mai share ƙura na bakin silinda, sil ɗin rodi (sandar ƙarfen da ke shiga da fita cikin silinda), zoben bafa da ke zama kafin shi ta ciki, sil ɗin fistin, zobban da ke hana fistin gogar bango, sai O-rin da zoben da ke tokare shi. A ƙirga su a gaban mai shago. Mai araha ya kan zo ba zoben tokara, wani lokaci ma ba bafa, kuma nan ne babbar illarsa. Ƙarfin mai a wannan mashin yana kai wa wajen bar 300 (bar ma'aunin matsi ne), idan haƙorin bokiti ya daki dutse kuma sai ya yi tsalle fiye da haka na ɗan lokaci. Bafa ce ke shanye wannan bugu kafin ya isa ga sil ɗin rodi. In babu ita, leɓen sil ɗin zai fara tsagewa, ya matse cikin ɗan gibin da ke tsakanin rodi da kan silinda, sai yoyo ya dawo.

Abu na biyu shi ne robar kanta. Sil ɗin rodi na kirki da foliyuretan ake yin sa, mai tauri ne amma yana dawowa daidai in an lanƙwasa. Wannan roba tana tsufa ko a kan kanta take, musamman a shagon kwano da ke ɗaukar zafin Maris da Afrilu. A lanƙwasa leɓen da yatsa a duba a haske. In aka ga ƙananan tsagu, ko ya yi danƙo a hannu, ko yana marmashewa, a ajiye shi ko da tambarin wane kamfani ke jiki. Jabu ma yana kwaikwayon tambari, amma rubutunsa ya kan fito a dagule, gefensa kuma da ragowar roba da ba a gyare ba.

Hukuncinmu a nan bai da wuya: mai tambari na gaske ya cancanci kuɗinsa, ko da ya ninka ɗayan. Kuɗin kit ƙarami ne in aka haɗa shi da ladan bakanike, da man da zai zube, da ranakun da mashin zai zauna ba aiki. Mai araha ba ya da amfani sai ga wanda ke son mashin ya motsa kawai zuwa gareji.

Sai dai kit, komai kyansa, ba ya gyara rodin da ya lalace, kuma a nan ake yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Mashin da ya daɗe a fili, ɓangaren rodin da ke waje ya sha damina da ƙurar hunturu, kurom ɗinsa, wato rufin ƙarfe mai sheƙi da ke jikinsa, zai yi ƙananan ramuka. A bi tsawonsa da farce. Duk inda farce ya maƙale, nan zai yanka sabon sil. Ƙaramin ƙarzuwa ana iya goge shi da sandfefa mai laushi sosai da mai, ana zagaye rodin, ba a bin tsawonsa. Rami mai zurfi ko lanƙwasa kuwa sai sabon kurom ko wani rodin. A leƙa cikin bututun da tocila, dogayen layuka a bango na nufin sil ɗin fistin ma ba zai daɗe ba.

Kada a dogara da sunan mashin wajen girma. Eskabetar da ta haura shekara 30 ta ratsa hannuwa da yawa, ana iya samun silindar wani mashin a jikinta. A auna kaurin rodi da faɗin bututu da kalifa, wato ma'aunin kauri, kafin a je kasuwa. Yayin kwancewa, a jera tsofaffin sil a kan farin kwali bisa yadda suka fito, a ɗauki hotonsu da waya ta yadda za a ga inda leɓen kowanne ya kalla. Leɓen sil ɗin rodi yana kallon mai ne, ciki ke nan. Wanda aka juya zai yi yoyo tun ranar farko.

Kafin a taɓa tiyo, a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a motsa libobi don sauran ƙarfin ya fita, a saki iskar tankin mai, sannan a tokare bum da abin da zai ɗauki nauyinsa. Notin fistin a ɗaure yake matuƙa, aikin benci ne da dogon sifana, ba na guduma da kurfi ba. Sil ɗin fistin yana da tauri: a tsoma shi cikin mai mai ɗumi, kimanin digiri 80, ya yi laushi, a zura shi, a matse shi da bel na ɗan lokaci ya koma girmansa. A naɗe zaren rodi da tef kada ya yanki sil wajen wucewa. Aikin nan ba a yin sa a kan ƙasa cikin iska, tsabar yashi ɗaya ta isa. Tunda bum silinda biyu ke ɗaga shi, a sayi kit biyu a yi su tare.

Bayan haɗawa, a sa sabuwar filta, a duba mai. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a canja shi. Mai mai lambar kauri ISO VG 46 shi ne aka saba, wasu kuma kan zaɓi 68 saboda zafin yankinmu da tsufan famfo. A tayar da inji a silo, a ɗaga bum a sauke a hankali sau huɗu ko biyar, ana tsayawa kimanin santimita 10 kafin ƙarshe. Iskar da ta maƙale, in aka matse ta da ƙarfi lokaci ɗaya, tana yin zafin da ke ƙona sabon sil.

In an yi duk wannan bum bai daina sauka ba, kuma babu yoyo a waje, a miƙe silindar har ƙarshe, a tokare bum, a kwance tiyon ɓangaren rodi, a toshe layin, a ba da ƙarfi ta ƙasa. Mai ya ci gaba da kwarara daga silindar, sil ɗin fistin ne. Bai kwarara ba, a koma kan babban bawul mai rarraba mai.