Littafin wasa ƙwaƙwalwa ko manhajar waya: wanne za ki saya wa yaron?

Wa alaikumus salam Malama. Kin tambaye ni ko littafin wasa ƙwaƙwalwa za ki saya wa ɗanki ko manhajar waya. Littafin za ki saya masa. Manhajar nan da ke cewa za ta horar da ƙwaƙwalwarsa ta kuma faɗa miki lambar IQ ɗinsa, wato ma'aunin basirarsa, ki bar ta inda kika gan ta. Duka biyun na taɓa kashe musu kuɗi, shi ya sa ba na jin nauyin faɗa miki kai tsaye.

Littafin nawa yau shekararsa bakwai a hannuna. Bangon baya ya yage tuntuni, sau biyu ina liƙe shi da gam, kuma da wuya ki buɗe shafin da babu zanen fensir, wanda aka goge aka sake zanawa har takardar ta yi laushi. Don kaina na saye shi, amma 'yata ta ƙwace shi tana da shekara goma sha biyu, kusan sa'ar ɗanki ke nan. Akwai wata tambaya a ciki da har gobe nake jin kunyarta. Akwati uku ne a rufe: ɗaya jajayen ƙwallaye ne zalla, ɗaya farare zalla, na ukun gauraye. Kowanne an liƙa masa takarda mai sunan abin da ke ciki, amma duk takardun an liƙa su ba daidai ba. An ba mutum damar zura hannu a akwati ɗaya tak, ba leƙe, ya ciro ƙwallo ɗaya, daga nan ya gyara sunayen duka ukun. Wane akwati zai zaɓa?

Ni da na yi lissafi har jami'a, minti biyar na yi ina kallonta na yanke hukunci cewa kuskuren masu bugawa ne, ba ta da amsa. Ita kuwa yarinya ta kwana biyu tana zana akwatuna a bayan littafin makarantarta. A rana ta uku ta same ni da sassafe, fensir a baki, ta ce, "Baba, ai ba ka karanta ba ne. Cewa aka yi duk takardun ƙarya ne, ba wasu daga ciki ba." Nan na ji jikina ya yi sanyi. Akwatin da aka rubuta wa "gauraye" ba yadda za a yi ya zama gauraye, tunda takardarsa ƙarya ce. To a nan za a zura hannu. Idan ja ya fito, wannan na jajaye ne. Wanda aka rubuta wa "farare" ba zai zama na farare ba, jajaye kuma an riga an san inda suke, saboda haka shi ne gauraye. Na ƙarshen shi ne na farare. Ba ta fi ni sanin lissafi ba a lokacin, ko kusa. Abin da ta fi ni shi ne ta koma ta sake karanta tambayar, ni kuwa na tsallake kalmar "duk" don ina ganin na wuce wannan ajin. Tun daga ranar, duk lokacin da na yi garajen ba da amsa a gida, sai ta ce, "Baba, akwati uku."

Manhajar kuwa, ba laifi, tana da launuka da ƙararrawa, kuma yaro zai so ta na sati biyu. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Na wata shida na biya mata a dunƙule. Ranar farko ta ce min IQ ɗina 108 ne. Bayan sati uku ina danne-danne kowane dare, ta ce na kai 127, har da zanen kofi da tafi. Na san kaina, ban ƙara wayo ba. Salon tambayoyinta kawai na haddace: idan alwatika ta juya dama a hoto na farko da na biyu, to za ta sake juyawa a na uku. Kuma an bincika wannan da gaske. A 2010 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani bincike da Adrian Owen ya jagoranta tare da haɗin gwiwar BBC, inda mutum 11,430 suka yi sati shida suna irin waɗannan wasanni na horar da ƙwaƙwalwa a intanet. Sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma da aka gwada su da wasu ayyukan tunani na daban, ba a ga ƙwarewar ta bi su can ba. A 2016 kuma hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2, saboda tallan da yake yi cewa wasanninsa na ƙara ƙwazo a makaranta da wurin aiki, suna kuma jinkirta raunin ƙwaƙwalwa na tsufa, ba tare da hujjar da ta isa ba. Wannan fa ɗaya ce daga cikin fitattun. Sai ki auna ƙananan da ba wanda ya san masu su.

Kada kuma in yaudare ki: shi ma littafin ba zai ɗaga lambar IQ ɗin yaro ba. Bambancin yana wani wuri ne. Manhaja agogo take saka wa yaro, tana ba shi maki a kan sauri, idan ya kuskure ta yi ƙara ta wuce gaba. Littafi ba ya zuwa ko'ina. Tambayar tana nan a shafi na arba'in har sai ya gama da ita, ko da kwana uku ne. Kuma abin da irin waɗannan tambayoyi suke tonawa a jikin mutum ya fi kusa da haƙuri fiye da sauri.

Wani malamin jami'a a Amurka mai suna Shane Frederick ya fitar da gwaji mai tambaya uku kacal a 2005. Ɗaya daga ciki: injin biyar suna ƙera kaya biyar a minti biyar, to minti nawa injin ɗari za su ɗauka su ƙera kaya ɗari? Baki yana son ya ce ɗari. Amsar biyar ce, domin kowane inji minti biyar yake yi a kan kaya ɗaya. Babu lissafin da ɗan firamare bai sani ba a ciki. Amma cikin mutum fiye da dubu uku da aka gwada, yawancinsu ɗaliban jami'a, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su ci ko ɗaya ba, kuma ko a MIT, wata fitacciyar jami'ar kimiyya da fasaha a Amurka, inda ake tara gwanayen lissafi, waɗanda suka ci duka ukun ba su kai rabi ba. Amsar ƙarya ce ke fara zuwa da gudu, kuma tana zuwa ne da kamar gaskiya. Wanda ya ci shi ne wanda ya ce mata tsaya tukuna.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Peter Wason, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Ingila, a 1966. Kati huɗu a kan tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. Ana ganin A, K, 4 da 7. Doka ta ce: duk katin da ke da wasali, to a bayansa akwai lambar da ke rabuwa biyu ba saura. Waɗanne katuna ne dole a juya don a gane ko an karya dokar? Amsar da aka fi bayarwa ita ce A da 4. Amsar A da 7 ce, domin ko me ke bayan 4 bai karya doka ba, amma idan aka juya 7 aka ga wasali, doka ta faɗi. Wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke cin wannan. To ki sauya mata riga. Doka ta ce duk mai tuƙa mota sai ya kai shekara 18. Ga mutum huɗu: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tafiya a ƙasa, ɗaya shekararsa 40, ɗaya 15. Wa za ki bincika? Mai tuƙin da ɗan sha biyar ɗin, ba sai kin yi tunani ba. Tambayar ɗaya ce sak ta fuskar manɗiƙi, kuma da masu bincike suka mayar da ita irin wannan doka ta rayuwar yau da kullum, yawancin mutane sun ci. Ƙwaƙwalwa ɗaya, a minti ɗaya, ta faɗi a can ta ci a nan. To wace lamba za ki ba ta?

Manya ma ba su tsira ba. A 1990 Marilyn vos Savant, wadda littafin bajinta na Guinness ya taɓa sakawa a matsayin mai IQ mafi girma, ta amsa wata tambaya a shafinta na mujallar Parade. Ƙofa uku, mota a bayan ɗaya, awaki a bayan biyu. Ka zaɓi ƙofa, sai mai gabatar da shiri, wanda ya san inda motar take, ya buɗe wata mai akuya, ya ce ko za ka sauya. Ta ce a sauya, domin mai sauyawa yana cin sau biyu cikin uku. Wasiƙu kusan dubu goma suka zo mata, kusan dubu daga masu digirin digirgir, yawanci suna cewa ta yi kuskure. Ita ce ke da gaskiya. Paul Erdos, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarni na ashirin, shi ma bai gamsu ba sai da aka nuna masa kwamfuta tana maimaita wasan. Idan ɗanki ya kasa wata tambaya a littafin, ki tuna da wannan kafin ranki ya ɓaci.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan damfarar wannan harka, don sun yi yawa. Salon nasu ɗaya ne. Za su ce gwaji kyauta, yaro ya ɓata minti ashirin yana amsawa, sai a ƙarshe su ce a saka lambar katin banki a biya ɗan abu kaɗan kafin a ga sakamako. A ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa kin amince a riƙa cire kuɗi kowane wata. Ni sai da aka cire min sau biyu bayan wa'adina ya ƙare kafin na gano inda suka ɓoye maɓallin dakatarwa, kuma saƙonnin da na aika musu har yau ba amsa. Sannan kowa ya yi gwajinsu sai a ce masa haziƙi ne, a tallata masa takardar shaida mai hatimin zinare. Alhali ma'aunin IQ an tsara shi ne matsakaicinsa 100, kuma wajen mutum biyu cikin ɗari ne ke haura 130. Gwaji na gaske ƙwararre ne ke yin sa, gaba da gaba da yaro, ya ɗauki awa ɗaya ko fiye. Shi kansa Alfred Binet da ya fara wannan aiki tare da Theodore Simon a Faransa a 1905, manufarsa ita ce a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Idan da gaske kina da damuwa a kan karatun yaron, ta wajen malamansa za ki fara.

Masu littattafan ma akwai na banza a cikinsu. Yanzu mutum zai sa kwamfuta ta zubo masa tambayoyi ɗari biyar, ya yi musu bango mai hoton ƙwaƙwalwa tana walƙiya, ya saka a kasuwa ba tare da ya warware ko ɗaya ba. Kafin ki biya, ki buɗe shafukan baya. Idan amsoshin lambobi ne tsirara ba bayani, ki ajiye shi. Wanda kike nema shi ne mai nuna mataki-mataki yadda aka kai ga amsa, wanda ya fara da masu sauƙi yana hawa a hankali. Idan akwai Sudoku a ciki, wato wasan cike gidajen jadawali da lambobi 1 zuwa 9, ki ƙirga lambobin da aka bayar a ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda aka ce masu tsauri ne. A 2012 Gary McGuire na wata jami'a a Dublin ya tabbatar cewa Sudoku mai gida 81 ba zai kasance da amsa ɗaya tilo ba idan lambobin da aka bayar ba su kai 17 ba. Kika ga ƙasa da haka, to ba a duba littafin ba. Kuma kada ki sayi na Sudoku zalla. Yana da daɗi, ina yin sa a hanya, amma dabara ɗaya ce ake ta maimaitawa, kuma babu jimlar da za a karanta a tsallake kalma. Ki nemi mai gauraye: na masu gaskiya da maƙaryata, na awo da sikeli, na tsallaka kogi, na jadawalin wa ke zaune a ina.

Ki haɗa masa da fensir, ban da biro. Shafukan amsa kuma ki haɗe su da ƙusar takarda, ki ce sai tambaya ta kwana ɗaya a hannunsa kafin a buɗe. Yau da daddare ki gwada shi da wata daga cikin ukun na Frederick: ganye a kan tafki yana ninka faɗinsa kowace rana, a kwana 48 ya rufe tafkin gaba ɗaya, to a kwana nawa ya rufe rabi? Idan ya ce 24, kada ki gyara masa. Ki ce ya sake karantawa. Amsar 47 ce, amma ki riƙe ta a ranki.