Hattara da mai "horar da karnukan gadi" da ke yawo a Facebook da TikTok

Assalamu alaikum jama'ar Kano. Ku masu kare a gida saboda gadi, musamman na wajen Hotoro, Bompai da Nassarawa, ku karanta kafin a yi muku sakiyar da aka yi mini.

Bayan ɓarayi sun haura mana katanga sau biyu, na sayi ɗan kwikwiyo jinsin German Shepherd, irin wanda ake ce wa karen 'yan sanda. Da ya kai wata bakwai sai ya gagari kowa: ya yi haushi ga almajiri, ya yi ga mai ruwa, ya tauna takalmin baƙo, in an kira shi kuma ko waiwaye. Ana haka na ci karo da tallar wani a Facebook, ga bidiyon karnuka suna zama suna tashi da umarni. Daga baya na lura ciyawa da gine-ginen cikin bidiyon ko kama da Kano ba su yi ba.

Ya zo har gida, bakinsa kamar zuma. "Alhaji, ka ba ni shi sati shida, zan dawo maka da soja." Naira dubu 180, rabi kafin alƙalami, sai na abinci dubu 40 daban. Ya kafa sharaɗi guda: kada in je ganinsa, wai ganin ubangidansa yana rusa horo. Nan ne ya kamata in farka.

Ai ba karen kaɗai ake koya wa ba, har da mai shi. Kare muryarka da hannunka yake karantawa. In ya koyi "zauna" a bakin wani, ya dawo gidan da ba wanda ya san yadda ake ba da umarnin ko lokacin da ake ba shi ɗan nama lada, 'yan kwanaki ya koma gidan jiya. Masu aikin na gaskiya kai da karenka suke tsayarwa a fili, igiya a hannunka, minti 10 zuwa 15, ka koma gida ka maimaita kullum, har maigadi da yara su iya. Wani likitan dabbobi ne ya wayar mini da kai a kan wannan, bayan aikin gama ya gama.

Sati na uku hotunan karen da yake turo mini suka daina zuwa. Na huɗu ya nemi dubu 25 wai na magani. Na shida waya a kashe. Da ƙyar wani mai Adaidaita ya gane inda ya taɓa sauke mutumin, wani kango a bayan gari. Na tarar da karnuka biyar ɗaure a rana da gajeriyar sarƙa, kwanon ruwa a bushe. Nawa haƙarƙari duk a waje, kaska cike da kunnuwansa kamar an zuba wake, wuyansa ya saɓule. Na ɗaga hannu zan shafa shi, ya maƙale a bango yana rawar jiki. Dukan da ya sha ke nan. Yaron da ke wurin ya ce "oga ya yi tafiya", kuma wai an riga an sayar da biyu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, tun farko mutumin bai tambayi katin rigakafi ba. Duk mai tara karnuka wuri guda bai duba allurar ciwon haukan kare da ta parvo (cutar amai da gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo) ba, ai kasada yake da rayuka. Haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan kullum ajali ne.

In wani ya zo muku, ku ce a kai ku wurin ku gani da ido, ku ga ya sarrafa kare a gabanku, kuma kada ku tura kuɗi asusun da sunansa ya bambanta da wanda ya gaya muku. Ni haka na tura, ina ji ina gani.

Na kai ƙara ofishin 'yan sanda da rasit ɗin tiransifa. Shafin ya sauya suna da hoto, amma bidiyon nan dai su ne, har yau da safe na ga ya sake ɗora su.