Zod: Gwani Ne Wajen Tace Bayanai, Muddin An Girka Shi a Sabar

Zod laburare ne (shiryayyen kod da masu rubuta manhaja ke ɗauka su yi aiki da shi) na harshen rubuta manhaja TypeScript, wanda Colin McDonnell ya fitar a 2020. Kyauta ne ƙarƙashin lasisin MIT, kuma bai jingina da wani laburare ba. Ana rubuta masa siffar da bayani ya kamata ya zo da ita, misali suna kada ya wuce haruffa 50, adadin kaya daga 1 zuwa 20, shi kuma ya karɓa ko ya ƙi.

Babban alherinsa shi ne ƙa'ida guda ce ke aiki a burauza da kuma sabar, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin shafin. A ajiye ta a fayil ɗaya. Fom ya ɗauke ta don nuna wa mai cikewa kuskurensa tun bai danna maɓalli ba, sabar ma ta sake ɗaukarta idan saƙo ya iso. Da umarnin Zod mai suna z.infer kuma ana samun nau'in bayanin daga ƙa'idar, ba sai an rubuta sau biyu ba.

Sai dai wannan sauƙin ne ke ruɗar mutane. Sun ga fom yana ƙin imel mara kyau, sai su ɗauka an gama. Tacewar burauza taimako ce ga mai amfani kawai. Duk mai curl, wata manhajar aika saƙo ba ta burauza ba, zai iya aika abin da ya ga dama kai tsaye zuwa sabar ba tare da ya buɗe fom ɗin ba, tamkar an kulle ƙofar gaba an bar ta baya a buɗe. Wurin da ya zama dole shi ne bakin sabar: a kira safeParse, umarnin Zod na tace bayani, kafin komai, in bayanin ya faɗi a mayar da lambar 400 (alamar cewa saƙon bai yi daidai ba) tare da saƙon kuskure, in ya wuce a ci gaba da abin da Zod ya mayar, a manta da ɗanyen da ya shigo. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin z.object, wanda ake rubuta siffar bayanin da shi, yana zubar da duk filin da ba a ambata ba. Wanda ya cusa filin isAdmin a cikin saƙonsa don ya ba kansa ikon mai kula da shafin, a nan zai rasa shi. In aka koma ga ɗanyen, filin yana nan daram.

Inda Zod ke kayar da mutane shi ne z.coerce. Fom yana aika komai a matsayin rubutu, don haka ake sa z.coerce ya juya shi zuwa lamba, ko zuwa gaskiya ko ƙarya. Amma z.coerce.number yana mayar da filin da aka bari wayam zuwa 0, sai ka ga oda ta shiga da adadi 0 idan ba a sa min(1) ba, wato sharaɗin kada ya gaza 1. Na z.coerce.boolean ya fi muni: rubutun "false" yana komawa gaskiya, saboda a JavaScript duk rubutun da ba wayam ba gaskiya ne. Zod 4, wanda ya fito a 2025, ya kawo z.stringbool don magance wannan, kuma ya kamata a koma gare shi.

Akwai abin da ba aikinsa ba ne sam. Ana iya sa umarnan Zod na refine da parseAsync su duba ko wani ya riga ya yi rajista da imel, amma in saƙo biyu suka iso a lokaci guda, duka za su wuce. Maganin wannan yana rumbun bayanai: a sa UNIQUE (sharaɗin hana maimaici) a kan imel, a tari kuskuren 23505 da rumbun PostgreSQL ke bayarwa in an maimaita, a mayar da lambar 409 (alamar an samu karo). Haka farashi. In mai saye ya aiko da 5 a matsayin farashi, Zod zai karɓa domin lamba ce sahihiya, ko da kuɗin kayan 5,000 ne, don haka sabar ce za ta nemo farashi da kanta. Kare SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni, daga kutse ma ba nasa ba ne, sai an raba umarni da bayanin mai amfani.

Ga wanda sabarsa ke kan Node.js (mai gudanar da JavaScript a sabar) da TypeScript, Zod ya cancanci a ɗauke shi ba tare da dogon tunani ba. In da harshen Python aka rubuta sabar, Zod ba ya aiki a can, don haka alherin ƙa'ida guda ya tafi, gara a riƙe Pydantic, takwaransa na Python, a sabar.