Jel ɗin kek mai lamba E473: abin da na gani a wata uku

Shekara shida ina yin kek na biki da na suna a gida, kuma ƙwai da sukari kawai nake bugawa har hannu ya gaji. Wata abokiyar sana'ata ce ta matsa mini in gwada jel ɗin nan da ake sawa a kwaɓin kek. Na sayo ƙaramar roba a kasuwar Singa, nan Kano.

Da ka buɗe, kamar man shafawa yake, ba ƙamshi, ba ɗanɗano. Na sa cokali guda a kan ƙwai shida da sukari, na kunna injin bugawa. Kafin minti biyar kwano ya cika da kumfa fari tas, mai kauri. Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Kwaɓin ya yi kusan rabin awa a ajiye kafin in hura gawayi, amma bai kwanta ba. A da, wannan asara ce tsagwaronta. Kek ɗin kuma ya kwana uku da laushinsa.

Sai dai ba ya son zari. Ran da na ƙara hannu, kek ya tashi kamar soso, amma yana manne wa a dasashi, har maigida ya ce, "Maman yara, yau sabulu kika sa mana?"

Wannan maganar ce ta sa na ɗauko tabarau na karanta jikin robar. Cikin kayan haɗin akwai E473. Sukari ne aka haɗa shi da sinadarin mai, gefe ɗaya na kama ruwa, ɗayan na kama mai, shi ya sa kwaɓi ba ya rabuwa. Idan an ci, jiki yana warware yawancinsa ya koma sukari da mai. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci ya sa iyakar miligiram 30 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai kuma ta sa 40 a 2004. Ni mai kilo 60, kusan giram 2 ke nan. Cokali guda ya watsu a kek ɗin mutum goma sha biyu, kuma ba duka jel ɗin ne E473 ba, don akwai ruwa da wasu abubuwa. Idan an zarce da yawa, abin da aka gani shi ne kumburin ciki da zawo. Yara ne nake jiye wa tsoro, don nauyinsu kaɗan ne, ga biskit da askirim da su ma ake sa irin waɗannan sinadarai.

Ƙorafina na gaske yana kan takardar da ke jikin robar. Ba su faɗi ko man da aka yi shi da shi na kwakwar manja ne ko kitsen dabba ba, kuma babu tambarin halal. Na tambayi mai shagon, ya juya robar ya ce, "Hajiya, kowa shi yake saye." Wannan ba amsa ba ce.

Zan ci gaba da amfani da jel a kek mai soso, banda mai bota, don can ban ga wani bambanci ba. Amma idan wannan robar ta ƙare, wadda ke da lambar NAFDAC da tambarin halal zan nema, ko da ta fi tsada.